Wuta da Hayaƙi: Tarihin Tashar Lantarki ta Kogin Oji

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin yau inda wutar lantarkin Nijeriya take fitowa, amsarsa ba za ta wuce biyu ba: ko dai ya ambaci madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, ko kuwa ya ce daga iskar gas ta yankin Neja-Dalta. Amsar tasa daidai ce, domin a halin da ake ciki babu tasha ko ɗaya mai ƙona kwal da take zuba wuta a babban layin ƙasa. Sai dai ba haka abin yake tun asali ba. An yi zamanin da baƙin dutsen nan da ake haƙowa daga tsaunukan Inugu shi ne yake jan jirgin ƙasa, shi yake haska Ikko, shi kuma yake juya injinan masana'antu.

Wannan maƙala za ta bi tarihin tasha guda ɗaya daga cikin tashoshin wancan zamani, wato tashar lantarki ta Kogin Oji da ke kan tsohuwar hanyar Inugu zuwa Anacha. An buɗe ta a shekarar 1956, shekarar da ta haɗa abubuwa uku waɗanda a lokacin babu wanda ya ga dangantakarsu. A cikinta ne tashar Oji ta fara aiki. A cikinta ne aka gano man fetur a Oloibiri. A cikinta ne kuma majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar tsabtace iska, bayan da hayaƙin kwal ya hallaka dubban mutane a Landan. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a duk tsawon rayuwar tashar nan abu ɗaya aka riƙa lissafawa da gaske, wato wutar da take bayarwa da kuɗin da wutar take ci. Sauran abin da aka biya, na jini da na huhu da na iska, ya faɗa ne a kan mutanen da sunayensu ba sa cikin littafin lissafin.

Kwal kafin lantarki

A shekarar 1909 ne wani masanin duwatsu mai suna Albert Kitson, wanda yake cikin ayarin binciken ma'adinai na Kudancin Nijeriya, ya ci karo da kwal a tuddan Udi. Ga Turawan mulkin mallaka wannan babban albishir ne, saboda har zuwa lokacin jiragen ƙasa da jiragen ruwan gwamnati da kwal ɗin da ake kawowa daga Birtaniya suke aiki, kuma kuɗin dakonsa ba kaɗan ba ne. Matsalar ita ce, Udi tana can cikin ƙasa, nesa da teku. Don haka sai aka nemi wurin da jirgin ruwa zai iya tsayawa a bakin Kogin Bonny, aka kafa sabon gari, Gwamna Lugga ya raɗa masa sunan Sakataren Ƙasashen Mallaka na lokacin, Lewis Harcourt, a 1913. Garin da Hausawa suke kira Fatakwal ke nan. Daga nan aka ja layin dogo mai tsawon mil 151 zuwa gindin tsaunukan, aka kammala shi a 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da samun kwal daga Turai ya yi wuya ƙwarai. Ke nan birane biyu daga cikin manyan biranen ƙasar nan, Inugu da Fatakwal, kwal ne ya haife su, ɗaya a bakin rami, ɗaya a bakin ruwa.

An fara haƙa a mahaƙar Udi, sannan aka buɗe ta Kwarin Iva a 1917. Aiki ne na diga da shebur, mutum ya shiga ƙarƙashin ƙasa cikin zafi da duhu da ruwa yana ɗiga, ya sari dutse, wani ya loda a taragon ƙarfe, wani ya tura. Mutanen ƙauyukan yankin manoma ne, ba su da sha'awar shiga rami, saboda haka a shekarun farko da yawa daga cikin ma'aikatan tilasta musu aka yi. Turawa suka dogara da sarakunan da su da kansu suka naɗa, fitacce a cikinsu shi ne Onyeama na Eke, wanda ya riƙa tara leburori yana miƙa wa mahaƙar, ya kuma tara dukiya da iko ta wannan hanya har zuwa mutuwarsa a 1933. Daga baya ma an sa wa ɗaya daga cikin mahaƙun sunansa, abin da jikokin waɗanda ya tura ramin za su fi kowa sanin yadda za su fassara shi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari, ko da bai sari dutsen da hannunsa ba. Kafin ƙarshen shekarun 1920 layin dogon gabas ya ratsa Makurɗi da Kafanchan ya haɗe da na Kaduna, a 1932 kuma aka buɗe gadar Kogin Binuwai a Makurɗi, jirgi ya daina jiran fito. Kwal ɗin Inugu ya bi wannan layi ya hau arewa. Jiragen da suka riƙa kwashe dalar gyaɗa daga Kano, da auduga, da fatu, da kuzar Jos, da shanun da ake saukarwa a kudu, da shi ake hura musu wuta. A taragun da suke komawa kudu kuwa fatake da mahauta da masu sana'o'i suka gangara suka zauna a sabon garin. Daga cikin irin waɗannan baƙi ne aka sami Malam Umaru Altine, Bafillatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Garin da kwal ya tara wa jama'a daga ko'ina bai ga abin mamaki ba a ce baƙo ya shugabance shi.

Kwarin Iva

Ba zai yiwu a yi maganar farashin wutar kwal a ƙasar nan ba tare da an tsaya a kan ranar 18 ga Nuwamba, 1949 ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kayan masarufi sun yi tsada, mahaƙan kuwa suna ganin akwai bashin albashi da hukumar mahaƙar ta riƙe musu, ga kuma wulaƙancin da suke sha a hannun Turawan da suke kula da aikin. Ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi yake wa sakatare, ta ɗauki wata dabara: ba su bar aiki ba, amma sai suka riƙa yin sa a hankali, yadda kwal ɗin da ake fitarwa ya ragu sosai. Hukuma ta mayar da martani da korar wasu daga cikin masu saran dutsen. Su kuma suka ƙi fita, suka zauna a mahaƙar, don gudun kada a rufe ta a bar su a waje.

Gwamnati ta tsorata da nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a rumbunan mahaƙun, tana tsammanin za su faɗa hannun matasa masu neman 'yancin kai. Aka turo 'yan sanda su kwashe su. A Kwarin Iva mahaƙan suka taru, suna ganin kwashe nakiyar alama ce ta rufe wurin aikinsu. Baturen da yake jagorantar 'yan sandan, F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata, alhali ba ɗauke suke da bindiga ba. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba, 'yan siyasar da a da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya na gaggawa. Hukumar binciken da aka kafa ƙarƙashin alƙali Fitzgerald ta ɗora laifin harbin a kan kuskuren hukunci na Baturen, kalmar da ta yi wa rayuka 21 sauƙi ƙwarai. A shekarar da ta biyo baya, 1950, aka cire mahaƙun daga hannun ma'aikatar gwamnati aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya.

Na tsaya a kan wannan ne domin masu lissafin illar kwal a yau sukan fara ƙidayarsu daga bakin bututun hayaƙi, alhali ta fara ne tun daga cikin rami. Bayan harsashi akwai rufta ƙasa, akwai ambaliyar ruwa a ƙarƙashin dutse, akwai kuma ƙurar kwal wadda take taruwa a huhun mahaƙi shekara da shekaru har numfashi ya gagare shi, cutar da likitoci suka daɗe da sani a duk ƙasashen da ake wannan sana'a. Shekara bakwai kacal ke tsakanin harbin Iva da kunna injin farko a Oji, kuma 'yan'uwan waɗanda aka harbe ne suka haƙo abin da injin ya ƙona.

Yadda dutse yake zama haske

Lantarki ya shigo Nijeriya ta Ikko a 1896, da ɗan ƙaramin inji wanda ƙarfinsa bai wuce kilowat 60 ba. A 1923 aka buɗe tashar Ijora mai aiki da tururi, kwal ɗinta yana zuwa daga Inugu ta jirgin ƙasa zuwa Fatakwal, daga nan ta jirgin ruwa. Sauran garuruwa kuwa kowane da nasa ƙaramin injin, wasu a hannun ma'aikatar ayyuka, wasu a hannun En'e, tsaunukan Jos kuma suna da nasu kamfanin da yake sarrafa ruwa domin mahaƙan kuza. Dokar 1950 ce ta kafa Hukumar Lantarki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da ECN, don ta tattara waɗannan warwatsattun tashoshi. Tashar Oji tana cikin manyan ayyukanta na farko.

Dalilin zaɓen wurin a fili yake ga wanda ya san abin da irin wannan tasha take buƙata. Abu biyu ne ba ta rayuwa sai da su, kwal da ruwa mai yawa. Inugu tana da na farko amma ruwanta bai taka kara ya karya ba, Kogin Oji kuwa yana gudu rani da damina, ga shi kuma a tsakanin Inugu da Anacha, garuruwa biyun da suka fi buƙatar wutar. Sai aka kai tashar bakin kogin, aka kafa dogayen turaku na ƙarfe aka ja igiyar waya a kansu, manyan bokitai suna rataye suna tafe a sama ta kan tudu da kwari da gonaki, suna kai kwal daga mahaƙa zuwa tashar, su juye su komo. Garin Oji kansa a lokacin an fi saninsa da asibitin kutare na mishan, wanda Sarauniyar Ingila ta ziyarta a cikin Fabrairun wannan shekara ta 1956.

Aikin tashar bai wuce hikimar tukunya da murfi ba, sai dai girma. Ana zuba kwal a ƙaton murhu, wutarsa ta tafasa ruwan da yake bin bututai, ruwan ya zama tururi mai tsananin zafi da matsi. Tururin ya fita da ƙarfi ya bugi fukafukan wata farfela, farfelar ta juya sandar janareta, maganaɗisun da ke ciki ya haifar da lantarki a cikin naɗaɗɗiyar wayar tagulla. Daga nan taransifoma ta ɗaga ƙarfinsa a tura shi kan manyan wayoyi. Tururin da ya gama aiki kuma a sanyaya shi da ruwan kogi ya koma ruwa, a mayar da shi tukunya. A nan ne babbar asarar take, domin yawancin zafin da kwal ya bayar ba ya zama lantarki. Wani ya bi hayaƙi, mafi yawa ya bi ruwan sanyayawar. Ƙananan tashoshin tururi na wancan zamani da ƙyar suke mayar da kashi ɗaya cikin huɗu na zafin ya zama wuta, na zamanin nan ma mafi kyawunsu ba su kai rabi ba.

Tashar ta fara da ƙarfin megawat 10, daga baya aka ƙara mata injina ta kai megawat 30. Don mai karatu ya gane adadin, megawat 30 zai iya kunna ƙwan fitila mai wat 60 guda dubu 500 a lokaci ɗaya. A yau unguwa guda ta babban birni za ta shanye wannan ta nemi ƙari, amma a Jihar Gabas ta wancan lokaci abu ne babba. Da ita aka haska Inugu da Anacha, ita ce kuma ta tallafa wa sababbin masana'antun yankin, ciki har da kamfanin siminti na Nkalagu da aka buɗe a 1957. Waɗannan shekaru su ne ganiyar kwal a ƙasar nan: a ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan dubu 700 a shekara, har ana sayar wa Gana don jiragen ƙasarta.

Abin da yake fita ta bututu

Kwal ɗin Inugu ba ya cikin mafi munin iri. Yana kama wuta da sauri, farar wutar da ke cikinsa kuma ba ta da yawa idan aka kwatanta da na wasu ƙasashe. Duk da haka kwal kwal ne, kuma abin da yake fitarwa iri biyu ne. Akwai wanda ido yake gani ko hanci yake ji: toka mai laushi da iska take ɗauka ta sauke a kan rufi da ganye da shanya, da iskar farar wuta mai shaƙe maƙogwaro wadda idan ta haɗu da danshi take zama ruwa mai cin ƙarfe, da sauran ƙananan gurɓatattun abubuwa masu shiga can cikin huhu. Wannan irin maƙwabtan tasha ne suke shaƙarsa. Akwai kuma wanda ba shi da launi ba shi da wari, wato iskar kabon, wadda ba ta cutar da wanda yake tsaye kusa, amma tana hawa sama ta daɗe ƙwarai tana riƙe zafin da ya kamata ya bar duniya.

Lissafin wannan na biyu yana da wani abin al'ajabi da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Iskar da take fita ta fi kwal ɗin da aka ƙona nauyi. Dalili kuwa, kowane ƙwayar kabon mai nauyin 12 yana kama ƙwayoyin iskar shaƙa biyu masu nauyin 32, su zama abu ɗaya mai nauyin 44. Saboda haka tan ɗaya na tsantsar kabon yana haifar da fiye da tan uku da rabi na iskar, tan ɗaya na kwal irin wanda ake ƙonawa a tashoshi kuwa yakan ba da tan biyu zuwa biyu da rabi. Idan aka auna da wutar da aka samu, kowace awa ɗaya ta megawat ɗaya daga tashar kwal tana zuwa da kimanin tan ɗaya na iskar kabon, tsohuwar ƙaramar tasha kuma ta ɗara haka.

Bari mu gwada wannan a kan Oji. Shekara tana da awa 8,760. Da a ce injinanta duka za su yi aiki da cikakken ƙarfi dare da rana ba gyara ba hutu, abin da babu tashar da take yi, da wutarta ta shekara ta kai awar megawat 262,800. Iskar kabon da za ta biyo wannan za ta kama tsakanin tan dubu 260 da dubu 350. Wannan shi ne iyakar abin da za ta iya, a aikace kuwa ba ta kai nan ba. To, sai a ɗora shi a sikeli da na wasu. Tashar Ratcliffe ta Ingila, mai megawat 2,000, a lokacin da take aiki, cikin kwana biyar da rabi take samar da abin da Oji za ta yi shekara tana yi. Tashar Kendal ta Afirka ta Kudu, mai sama da megawat 4,000, ba ta buƙatar kwana uku. A ma'aunin ɗumamar duniya, hayaƙin Oji bai fi cokalin gishiri a rijiya ba, kuma har yau duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ɗin duniya.

Shin waɗanda suka gina ta sun san illar? Ta farko sun san ta sarai. A cikin Disamba 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana biyar, ƙidayar farko ta nuna mutum kimanin 4,000 sun mutu, binciken baya kuma ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar 1956. Injiniyoyin da suka zo Oji daga ƙasar da abin ya faru suka fito. Amma Nijeriya ba ta sami hukumar tarayya mai kula da muhalli ba sai 1988, bayan da aka jibge gubar masana'antun Italiya a garin Koko, dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kuwa sai 1992. Illa ta biyu ce za a iya yi musu uzuri a kanta. Wani masani ɗan Suwidin, Arrhenius, ya yi lissafin alaƙar iskar kabon da zafin duniya tun 1896, shekarar da Ikko ta ga lantarki, amma ba a fara auna ta a kai a kai ba sai 1958, a tsaunin Mauna Loa na Hawai. A lokacin tana kusan kashi 315 cikin miliyan na iskar sama. Yanzu ta haura 420.

Yadda ta mutu

Ba hayaƙi ne ya kashe tashar Oji ba, ba kuma dokar muhalli ba. Abokan cinikin kwal ne suka watse ɗaya bayan ɗaya. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai saye, ta fara sauya kawunan jiragenta zuwa masu shan man dizil tun daga shekarun 1950. An fara fitar da ɗanyen man Oloibiri a 1958, tare da man kuma ga iskar gas da ba a san yadda za a yi da ita ba, sai aka gina tashar Afam kusa da Fatakwal a farkon shekarun 1960, sannan ta Ughelli. A 1962 aka kafa hukumar madatsun Kogin Kwara, a 1968 aka kammala Kainji, wadda daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760, wato ninki 25 na Oji, kuma ruwa ba ya yajin aiki, ba a kuma biyansa albashi.

Sai Yaƙin Basasa ya zo ya ƙarasa. Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a cikin Oktoba 1967, mahaƙan suka gudu, fanfunan da suke zuƙe ruwa daga ramuka suka tsaya, ruwa ya cika su. Da aka gama yaƙin a Janairun 1970 an sake buɗe mahaƙun, tashar ma ta ci gaba da aiki, amma duniyar da suka dawo suka tarar ta man fetur ce. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun aka sami NEPA, wadda hankalinta yake kan ruwa da gas. A shekarun 1970 an kawo wani kamfani daga Folan ya girka injinan haƙa na zamani, injinan ba su dace da yanayin dutsen da ruwan da ke ramukan ba, kuɗin ya tafi a banza. Daga nan abin ya zama kaza da ƙwai: mahaƙa ba ta da mai saye, tasha ba ta samun isasshen kwal, kayan gyara babu. Kafin dokar 2005 da ta wargaza NEPA, Oji ta riga ta yi shiru, Hukumar Kwal ma ta daina haƙa. Ingila kuwa, wadda ta fara kunna tashar kwal a Landan a 1882, ba ta rufe ta ƙarshe ba, wato Ratcliffe, sai ranar 30 ga Satumba, 2024. Mun riga ta barin kwal da shekaru masu yawa, sai dai ita da shiri ta bari, mu kuwa sakaci ne ya raba mu da shi.

A nan ne nake ganin masu murnar cewa Nijeriya ba ta da tashar kwal suke yin gaggawa. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba wutar da yawanci take tsakanin megawat 4,000 da 5,000, wato ɗan abin da ya ɗara tashar Kendal ita kaɗai. Giɓin da ya rage ba da iska ake cike shi ba. Mai aski da tela da mai walda da asibiti da ɗakin kwanan ɗalibai, kowa ya ajiye janareta a bakin ƙofa yana ƙona fetur ko dizil, a tsayin hancin yaro, ba dogon bututu ba matata. Lokaci zuwa lokaci jaridu suna kawo labarin iyalin da suka kwanta da janareta a kunne a cikin gida, gari ya waye babu mai rai. Uwar gida kuwa tana kan itace da gawayi. Hayaƙin da a da yake fita ta wuri ɗaya, inda za a iya auna shi a kuma tace shi, ya rarrabu zuwa miliyoyin wurare inda babu mai iya ko ɗaya.

Wannan ba kira ba ne na a koma gidan jiya. Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa kafin 2060, a shekarar ce kuma Sin, wadda ita ce babbar mai ba da bashin irin waɗannan ayyuka, ta sanar da cewa ta daina gina tashoshin kwal a ƙasashen waje. Ga kuma iskar gas da har yanzu ake ƙonawa a banza a rijiyoyin mai, wadda idan aka sarrafa ta hayaƙinta bai fi rabin na kwal ba, ga rana da ba a saya. Amma maganar kwal ba ta mutu ba. Ana haƙarsa a Kogi da Binuwai, da Maiganga ta Jihar Gombe, manyan motoci suna kai shi murahun kamfanonin siminti. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Jihar Inugu kuma tana cikin na farko da suka karɓi wannan iko a 2024, ga kwal kwance a ƙarƙashin ƙafarta. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai zo da takardar sabuwar tasha, ya faɗi megawat nawa za ta bayar da kuma nawa za ta ci. Tambayoyin da suka kamata ɗaliban yau su tanada su ne waɗanda ba a yi a 1956 ba: wane ne zai shiga ramin kuma da wane sharaɗi, ƙauyen wa tokar za ta sauka, wace na'ura aka sa a bututun, wa kuma zai riƙa auna ta ya bayyana wa jama'a sakamakon.

Fatakwal, garin da aka kafa don a loda kwal a jirgi, ya daɗe da daina ganin taragun baƙin dutsen. Amma daga ƙarshen 2016 mazaunansa suka fara wayar gari suna tarar da baƙar ƙura a kan motoci da tagogi da tafin ƙafar yara, har cikin hanci. Wannan karon daga haramtattun matatun ɗanyen mai da ke cikin fadamun yankin take tasowa, da kuma wutar da jami'an tsaro suke cinna wa man da suka kama.